Yadda Ƙaramin Birni a Amurka Zai Nemi Tallafin Gwamnati Don Bincike da Farfaɗo da Gurɓataccen Fili

Kusan kowane ƙaramin birni a Amurka yana da fili ɗaya ko biyu waɗanda kowa ya san da zamansu amma ba mai son taɓa su. Wani tsohon gidan mai ne a kan kwana, an cire famfunan an bar dandamalin siminti ciyawa na tsirowa a tsagoginsa. Wani masaƙa ce da aka rufe shekara arba'in da suka wuce. Wani kuwa shagon wankin kaya da sinadari ne a tsakiyar gari, ko filin ajiye taragu a gefen layin dogo. Sau da yawa ba wanda ya taɓa haƙa ƙasar ya tabbatar akwai guba a cikinta, amma zargin kaɗai ya isa ya sa banki ya hana rance, mai saye ya ja da baya, mai filin kuma ya daina biyan haraji ya bar wa gari kango. Amurkawa suna kiran irin wannan wuri brownfield, mu kuwa a nan za mu ce da shi kufai, tunda wuri ne da aka zauna aka yi sana'a sannan aka tashi. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, ta ƙiyasta cewa irin waɗannan filaye sun haura 450,000 a faɗin ƙasar, kuma tana ware kuɗi na musamman domin bincikensu da tsabtace su. Wannan bayani an yi shi ne domin jami'in ƙaramin birni, ko ɗan majalisar gari, ko shugaban ƙungiyar unguwa, wanda yake son sanin ta inda ake farawa, da kuma wane mataki ne ba ya halatta a tsallake shi zuwa na gaba.

Asalin tsoron

Wanda bai san dokar da ta haifi wannan tsoro ba, ba zai gane dalilin tsauraran sharuɗɗan tallafin ba. A shekarar 1953 kamfanin sinadarai na Hooker ya sayar wa hukumar makarantun birnin Niagara Falls, a jihar New York, wani fili a kan dala ɗaya tak, alhali ya riga ya binne kimanin tan 21,000 na sharar sinadarai a cikinsa. Aka gina makarantar firamare a wurin, gidaje suka kewaye ta, har zuwa ƙarshen shekarun 1970 lokacin da gubar ta fara ɓulɓulowa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da tsakar gidajen mutane. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a unguwar, wadda ake kira Love Canal, aka kwashe ɗaruruwan iyalai. Abin da ya biyo baya shi ne dokar 1980 da aka fi sani da Superfund.

Wannan doka ba ta tambayar wanda ya yi ganganci. Tana iya ɗora kuɗin tsabtacewa a kan wanda yake mallakar filin a yau, ko da an zubar da gubar tun kafin a haife shi, kuma tana iya kama mutum ɗaya da dukan kuɗin ko da masu laifin sun kai goma. Manufar tana da kyau, sai dai ta zo da illar da ba a yi zato ba: masu jari suka ƙaurace wa duk filin da aka taɓa yin masana'anta a kansa, suka koma sayen gonaki a bayan gari suna gini, tsakiyar garuruwa ta riƙa mutuwa. EPA ta fara gwajin magance wannan a 1993 da tallafin dala 200,000 ga gundumar Cuyahoga a jihar Ohio. A ranar 11 ga Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sanya hannu a kan dokar da ta kafa shirin sosai, ta kuma buɗe ƙofar kariya ga mai saye da bai san hawa ba bai san sauka ba. Dokar 2018 mai suna BUILD ta faɗaɗa shirin, sannan dokar ababen more rayuwa ta Nuwamban 2021 ta zuba masa dala biliyan 1.5 na tsawon shekara biyar.

Kada a karɓi filin tukuna

Idan akwai abu ɗaya da mai karatu zai riƙe daga wannan rubutu, to wannan ne. Yakan faru magadan wani tsohon mai garejin gyaran motoci su zo ofishin magajin gari su ce sun gaji da haraji, gari ya karɓi filin kyauta ya yi abin da ya ga dama da shi. Majalisa takan yi murna, a sa hannu a takardar mallaka a zama ɗaya, sai bayan shekara guda a je neman tallafin tsabtacewa a tarar ƙofa a rufe. Dalilin kuwa shi ne doka ta hana a kashe kuɗin tallafin a filin da mai neman kuɗin yake cikin waɗanda alhakin gubar zai iya hawa kansu, kuma birnin da ya saya ko ya karɓi kyauta ba tare da bincike ba ya jefa kansa cikin wannan sahu. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma kyauta ba ta canja hukuncinsa.

Kariyar da dokar 2002 ta tanada tana da sharuɗɗa. Wajibi ne a gudanar da abin da doka ta kira cikakken binciken da ya dace kafin ranar karɓar mallaka, ba bayanta ba ko da da kwana ɗaya, kuma a aikace wannan yana nufin binciken mataki na ɗaya, wato duba tarihin filin da yanayinsa ba tare da haƙa ƙasa ba, bisa ma'auni mai lamba E1527-21 na ASTM, ƙungiyar da take tsara ma'aunan aiki. Rahoton yana da wa'adi: dole a yi shi cikin shekara ɗaya kafin saye, wasu sassansa kuma, kamar ziyarar gani da ido, da hira da masu filin, da duba bayanan hukumomi, kada su wuce kwana 180. Ciniki yakan ja lokaci, lauyoyi su yi ta kai da komo, rahoto ya tsufa a aljihun tebur ba wanda ya lura. Saboda haka a rubuta ranar ƙarewar wa'adin a bangon fayil ɗin tun ranar da aka karɓe shi. Haka kuma kada birnin ya kasance yana da wata alaƙar kasuwanci ko ta dangantaka da wanda ya zubar da gubar, kuma bayan saye sai ya ci gaba da ɗaukar matakan hankali, kamar kewaye wurin da shinge da hana ci gaba da zubewar abin da yake yoyo.

Akwai sassauci guda biyu da suka shafi ƙananan hukumomi. Filin da ya faɗo hannun birni ta hanyar ikonsa na hukuma, misali saboda rashin biyan haraji ko watsi da shi da aka yi, yana da kariya ta daban. Sannan dokar 2018 ta yarda hukumar da ta mallaki fili kafin 11 ga Janairun 2002 ta nemi tallafi a kansa, muddin ba ita ta jawo gurɓatar ba. Amma tantance ko fili ya faɗa cikin ɗayan waɗannan aikin lauya ne wanda ya san dokar muhalli, kuma kuɗin zama ɗaya da shi bai kai ko kusa da asarar da kuskuren yake jawowa ba.

A san filayen, a zaɓi na farko

Aikin farko da birni zai iya yi da kansa, ba tare da kashe ko sisi ba, shi ne tattara jerin kufayensa. A zagaya gari da takarda da alƙalami, a rubuta adireshi, da mai filin, da bashin harajin da ake bin sa, da abin da aka taɓa yi a wurin. Tsofaffin ma'aikatan kashe gobara da na hukumar ruwa, da dattawan da suka yi aiki a masana'antun, sun san abubuwan da ba sa cikin kowane fayil, kamar ramin da ake zuba ragowar fenti a bayan ɗakin injin.

Sai kuma taswirorin Sanborn, waɗanda aka fara zanawa tun 1867 domin kamfanonin inshorar gobara, kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya da yawa daga cikinsu a intanet kyauta. Duba su abin sha'awa ne. Ginin jan bulo an shafa masa launin ruwan hoda, na katako rawaya, kowane shago an rubuta sana'arsa a kai, kuma a gaban wani kanti da yau ake sayar da furanni a cikinsa mutum zai iya ganin 'yan da'irori biyu da haruffan G.T., alamar tankunan fetur da aka binne a wurin. Idan babu takardar da ta nuna an tone su, a ɗauka suna nan. A fili ma akwai alamu: siraran bututun shan iska da suka miƙe a jikin bango, da murafun ƙarfe masu zagaye a cikin kwalta, da wurin da ciyawa ta ƙi tsirowa shekara da shekaru.

Daga jerin sai a zaɓi fili biyu ko uku da za a sa a gaba. A ganina kuskure ne a fara da wanda ya fi kowane muni. Gara a fara da wanda aka san abin da za a yi da shi idan an tsabtace shi, wanda mai shi zai ba da izinin shiga a rubuce, wanda kuma yake kusa da gidaje ko makaranta ko bakin rafi. A kuma tabbatar filin bai cikin jerin manyan wuraren Superfund na ƙasa, ba kuma mallakar gwamnatin tarayya ba ne, domin waɗannan ba sa cikin shirin.

Taimakon da ba ya buƙatar gasa

Ƙananan birane da yawa suna garzayawa gasar neman tallafin EPA ta ƙasa baki ɗaya alhali akwai ƙofofi mafiya sauƙi. EPA tana da ofisoshin shiyya goma, kowane da jami'an wannan shiri, kuma suna iya turo ɗan kwangilarsu ya yi wa fili bincike kyauta ba tare da kuɗi sun shiga asusun birni ba, balle a ce za a yi ɗawainiyar rahoto. Ga garin da duka ma'aikatan ofishinsa ba su wuce akawu da ma'aji ba, kuma damuwarsa fili ɗaya ce, wannan hanya ta fi dacewa. Hukumomin muhalli na jihohi su ma suna da irin wannan hidima, kuma dokar 2018 ta ba su damar neman har dala 20,000 domin taimaka wa garin da jama'arsa ba su wuce 15,000 ba. Ban da haka, EPA tana ɗaukar nauyin wasu cibiyoyi domin su ba da shawara kyauta, cikinsu akwai Jami'ar Jihar Kansas, da Jami'ar Connecticut, da Cibiyar Fasaha ta New Jersey. Suna karanta daftarin takardar neman tallafi su nuna inda take da rauni, matuƙar an aika musu da wuri.

Wane tallafi za a nema

Tallafin bincike shi ne mashiga ga yawancin birane. A zagayen shekarun baya-bayan nan birni ɗaya yana iya neman har dala 500,000 na tsawon shekara huɗu, ba a buƙatar ya sa nasa kason, ba kuma lallai ne ya mallaki filayen ba. Kuɗin suna biyan jerin filaye, da bincike mataki na ɗaya da na biyu, da tsara yadda za a tsabtace, da tarurrukan jama'a, har da nazarin kasuwa domin a san ko gari zai iya ɗaukar sabbin shaguna ko gidajen haya. Garuruwa ƙanana ƙwarai sukan haɗu a ƙarƙashin gunduma ko hukumar tsare-tsaren yanki su nema tare, mai ƙarfin ma'aikata a cikinsu ya riƙe asusu.

Tallafin tsabtacewa kuwa sai mai fili. Dokar 2018 ta sa iyakarsa a dala 500,000 ga kowane fili, ana iya ɗagawa zuwa 650,000 da izini na musamman, kuma birni yana sa kashi 20 cikin ɗari, ko da kuɗi ko da aikin ma'aikatansa da kayan aikinsa. Kuɗin dokar 2021 sun ɗaga rufin har zuwa dala miliyan 5 suka kuma ɗauke wannan kaso, amma an ware su ne na shekarun kasafi 2022 zuwa 2026. Akwai kuma tallafi mai haɗa bincike da tsabtacewa a yanki ɗaya, da asusun rance mai juyawa, da na horar da mazauna unguwa aikin kwashe guba. Adadi da sharuɗɗa suna sauyawa daga zagaye zuwa zagaye, don haka sanarwar shekarar da ake ciki ita ce alƙali, ba takardar da maƙwabcin gari ya ci gasa da ita shekara uku baya ba.

Rubuta takardar nema

A al'ada sanarwa tana fitowa da kaka, a rufe karɓa wajen Nuwamba, a bayyana sunayen waɗanda suka yi nasara wajen Mayu, aiki ya fara a Oktoba. Wannan yana nufin tsakanin rubuta takarda da zuwan injin haƙa akwai shekara guda ko fiye, kuma ya kamata a faɗa wa jama'a haka tun farko don kada su zaci an yaudare su.

Tun kafin sanarwa ta fito a duba rajistar birni a SAM.gov, shafin rajistar masu karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, wadda ake sabuntawa kowace shekara, a tabbatar da UEI, wato lambar shaidar da shafin yake bai wa birnin, a kuma san wane mutum ne yake da ikon danna aikawa a Grants.gov, shafin da ake miƙa takardar nema. Abin takaici ne a ce an yi wata biyu ana rubutu, ranar ƙarshe a gano cewa kalmar sirri tana hannun akawun da ya yi ritaya. A nemi wasiƙar hukumar muhalli ta jiha da wuri, domin tana cikin takardun da ake buƙata, kuma kowane birni a jihar a mako ɗaya yake tuna ta.

Takardar tana da matakin tantancewa wanda ko an wuce ko an faɗi, sannan bayanin da ake ba maki, wanda bai cika wuce shafi goma ba. Ana tambayar yankin da filayen da shirin farfaɗo da su, da buƙatar jama'a da yadda za a sa su a ciki, da ayyuka da kasafinsu, da ƙwarewar birnin wajen riƙe kuɗin gwamnati. Masu ba da maki suna karanta takardu da dama da jerin tambayoyi a gabansu, saboda haka a bi tsarin sanarwar kanu bayan kanu, a amsa kowace tambaya a gurbinta. Abin da yake raba takarda mai ƙarfi da mai rauni shi ne haɗa zare. Cewa gari yana fama da talauci bai wadatar ba, domin kowa haka yake cewa. A nuna cewa wannan maƙera ce ta yi aiki a wannan titi, ana zargin akwai dalma a ƙasarta, ga gidaje nan katanga ɗaya da ita, ga adadin yara ƙanana a unguwar daga ƙidayar hukuma, ga kuma abin da tsarin gari ya riga ya tanada a gina a wurin. A kasafi ma a nuna lissafi: bincike nawa, a kan nawa kowane ɗaya. Ƙarancin jama'a yana cikin abubuwan da ake la'akari da su wajen zaɓe, don haka ƙaramin gari kada ya ji kunyar faɗin ƙanƙantarsa.

Wata aba da take jawo rigima ita ce ta kamfanonin ba da shawara da suke tayin rubuta takardar kyauta. Ba laifi a karɓi taimakonsu, amma dokokin sayen kaya da hidima na tarayya sun wajabta a yi gasa a fili kafin a ba da kwangila, kuma rubutun kyauta ba ya saya wa kowa aikin. Wanda bai yi nasara ba yana da damar neman a yi masa bayanin inda ya rasa maki, kuma birane da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke samu.

Ranar da aka shiga fili

Binciken mataki na ɗaya ba ya taɓa ƙasa. Ƙwararren masanin muhalli yana duba takardu da tsofaffin hotunan sama, ya zagaya wurin, ya yi hira da mutane, ya rubuta abubuwan da suke nuna yiwuwar gurɓata; kuɗinsa 'yan dubban daloli ne. Wani lokaci a nan magana take ƙarewa, a ga babu abin damuwa, filin da ya yi shekara ashirin ana gudunsa ya sami mai saye. Irin wannan sakamako nasara ce cikakkiya, ko da ba a kwashe ko cokali ɗaya na ƙasa ba.

Idan an ga alamu sai mataki na biyu, wanda yake cin dubun-dubatar daloli. Kafin a ɗebi samfur ko ɗaya dole EPA ta amince da tsarin tabbatar da ingancin gwaji, kuma a kira lamba 811 domin a zo a yi wa bututun gas da wayoyin da ke ƙasa alama. Da sassafe ake farawa. Ana tura na'urar rada a kan kwalta don gano tankuna, sannan ƙaramin injin haƙa ya riƙa cusa bututu yana fito da ƙasa a cikin doguwar roba mai haske. Masanin yakan tsaga robar a kan tebur, ya bi ta da na'urar shinshina tururi, kuma sau da yawa ido da hanci suna riga na'urar: ƙasa ja ce daga sama, sai a wani zurfi ta koma toka-toka tana warin tsohon fetur. Ana cika 'yan kwalabe, a rubuta lamba da lokaci, a jera su cikin kula mai ƙanƙara, kowane hannu da kular ta bi ya sa hannu a takarda har ta isa ɗakin gwaji. Ana kuma kafa siraran rijiyoyi don a san zurfin ruwan ƙasa da inda ya nufa.

Sanin halin kowace guba yana taimaka wa jami'i ya fahimci rahoton. Fetur yana tasowa a saman ruwan ƙasa, ƙwayoyin halitta kuma suna cinye shi a hankali. Sinadarin wankin kaya kuwa ya fi ruwa nauyi, yana nitsewa can ƙasa, tururinsa kuma yana iya ratsa daɓe ya shiga ɗakunan maƙwabta, shi ya sa ƙaramin shago yakan fi babbar masana'anta wahalar sha'ani. Dalma ba ta ruɓewa ba ta tafiya, tana zaune a ƙasar sama inda yara suke wasa. A tsofaffin gine-gine a sa ran samun asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa take cutar da huhu, da fenti mai dalma wanda sai a 1978 aka hana amfani da shi a gidaje, da mai mai guba da ake kira PCB a tsofaffin taransfoma.

Tsabtacewa gwargwadon abin da za a gina

Kafin neman tallafin tsabtacewa dole birni ya riga ya mallaki filin, yana da rahoton mataki na biyu, ya kuma shirya daftarin da yake kwatanta hanyoyin magani, da kuɗin kowace, da ingancinta, har da zaɓin barin wurin yadda yake. Ana sanar da jama'a aƙalla kwana 14 kafin aika takarda, a yi taro, a haɗa tambayoyinsu da amsoshin da aka ba su. Kada a mai da taron al'ada kawai. Maƙwabta su ne za su sha ƙurar tifofi, kuma su ne suka san ta inda 'yan makaranta suke ratsa filin.

Tsabtar da ake buƙata ta dogara ga amfanin da za a yi da wurin. Ma'aunin gidajen zama da filin wasan yara ya fi na wurin ajiye motoci tsanani nesa ba kusa ba, don haka mai zanen gini da masanin muhalli su zauna tebur ɗaya tun farko. Idan aka dasa ginin ko kwaltar a kan ɓangaren da ya fi gurɓata, su kansu sun zama murfi, an rage ƙasar da za a kwashe. Inda ba makawa sai a tone a kai juji mai lasisi a cike da ƙasa mai tsabta. Mai karatu daga arewacin Najeriya ya san wannan hanya: bayan gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, abin da aka yi a ƙauyuka, har da Bagega a 2013, shi ne kankare ƙasar sama a gidaje a maye gurbinta, domin ba amfani a yi wa yaro magani a mayar da shi tsakar gidan da ya sa masa cutar. Ga tururi kuwa, ana shimfiɗa bututu a ƙarƙashin daɓe da fanka mai zuƙe iska ta fitar da ita ta saman rufi.

Aikin yana tafiya ne ƙarƙashin shirin tsabtacewa na sa-kai na jiha, kuma ribarsa ita ce takardar da jiha take bayarwa a ƙarshe cewa ba sauran aiki, wadda wasu jihohi suke haɗawa da alkawarin ba za su kai ƙara ba. Wannan takarda ce banki yake son gani. A lura cewa ma'aikatan tsabtacewa ana biyan su bisa ma'aunin albashi na Davis-Bacon, dokar da ta shafi ayyukan da tarayya take ba kuɗinsu, tsohon gini kuma yana iya buƙatar tuntuɓar ofishin adana kayan tarihi na jiha, kuma duka biyun suna ƙara kuɗi da lokaci. Rahoton wata uku-uku da shigar da bayanai a ACRES, rumbun bayanan shirin na EPA, suna buƙatar mutum ɗaya tsayayye, kuma kashi 5 cikin ɗari kawai doka ta yarda a kashe a harkar gudanarwa.

Kuɗin gini daga wani wuri suke zuwa

Tallafin EPA ba ya gina ko ɗaki ɗaya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: rahoton bincike da takardar jiha su ne ake ɗauka a je wa Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane, wadda ƙananan garuruwa suke samun kuɗinta ta hannun jiha, da sashen raya karkara na Ma'aikatar Noma, da Hukumar Raya Tattalin Arziki. Idan ginin yana cikin rajistar kayan tarihi, akwai rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyara, wanda ya mai da masaƙu da dama gidajen haya.

Emeryville, wani ɗan birni tsakanin Oakland da Berkeley a Kalifoniya, ya sami tallafin gwaji na dala 200,000 a 1996, ya yi amfani da shi wajen tattara bayanan ƙasa da ruwan filayensa wuri ɗaya don mai jari ya san abin da zai tarar. A shekarar 2000 kamfanin fina-finan zane na Pixar ya tare a inda masana'antar gwangwani ta Del Monte take a da, kamfanin kayan ɗaki na IKEA kuma ya buɗe kanti a tsohon filin sarrafa ƙarfe. Sai dai a yi hattara da wannan misali, domin Emeryville a bakin tekun San Faransisko yake, inda tsadar fili kaɗai take iya biyan kuɗin tsabtacewa. Garin da jama'arsa suke raguwa ya fi kusa da Meriden a jihar Connecticut, inda tsohon filin masana'antar azurfa mai eka 14 a tsakiyar gari ya koma wurin shaƙatawa a 2016, aka buɗe rafin Harbor da aka daɗe da rufewa a ƙarƙashin ƙasa, aka kuma tsara wurin ya riƙa tara ruwa idan ambaliya ta zo. Lambu, ko wurin kasuwar manoma, ko ofishin kashe gobara, ko filin faifan hasken rana, duk amfani ne da shirin ya yarda da su.

Idan an bar wata guba a ƙarƙashin murfi, za a rubuta sharuɗɗa a jikin takardar mallaka: ba a haƙa rijiyar sha, ba a tona ƙasa fiye da wani zurfi sai da tsari, ba a mai da wurin gidan zama sai an koma wa jiha. Waɗannan sharuɗɗa suna bin filin ko hannun wa ya koma, kuma karya su yana iya zubar da kariyar da aka sha wahalar samu. Saboda haka a sa su a cikin kundin ofishin ba da izinin gini, ta yadda duk wanda ya zo neman izinin haƙa a wannan adireshi gargaɗin zai fito masa, a kuma sanya duba murfin da fankar tururin a cikin jadawalin shekara-shekara na sashen ayyuka, da sunan muƙamin da alhakin yake kansa.